Hagu, Ƙara Yatsa Ɗaya

Yaya Tela ta shekara talatin da ɗaya tana yi wa mata ɗinki a shago ɗaya, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da bokitai, kuma kafin bara ban taɓa ganin ranar da ta cika alkawari ba. "Gobe da yamma," abin da za ta ce ke nan, alhali yadin ko daga leda bai fita ba. Akwai wadda ta kai ɗinkin kayan aure, ta zo karɓa da goyo a baya. Yaya ta leƙa fuskar jaririn ta ce, "Kin gani ko? Da na yi sauri, da yanzu rigar ta matse ki."

Duk da haka ba mu taɓa barin ta ba, saboda hannunta da kuma bakinta. Mace mai kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa za ta shiga shagon, ta fito a miƙe sambal kamar magini ne ya daidaita ta. Bakin kuwa kullum cike yake da allurai, magana ba ta samun hanyar fita. Ko zagi ta yi, rabinsa ke isowa.

Shagon ba shi da girma. Baƙin keke mai feda, teburin yanka da duk gefensa ya sha almakashi, dutsen guga, da wani madubi mai kirki da ke rage wa kowa ƙiba. A can ƙarshe akwai koren labule, a bayansa ake awo. Ni ce akawunta marar albashi. Tun da aka rufe ofishin da nake buga takardu na mai da bencin shagon wurin aikina, ita kuma idonta ya fara gajiya da ƙananan rubutu. Sai ta riƙa kiran lamba daga bayan labule, ni ina rubutawa a littafin awo.

Uwargijiyar da ta koya mata sana'a ta ba ta doka tun kafin ta ba ta almakashi. Ta ce duk abin da ta gani a bayan labule, a jikin riga za ta gyara shi, kada ta kuskura ya fito ta bakinta, ko da ga mai jikin ne. Yaya ta riƙe dokar nan fiye da yadda wasu ke riƙe aure. Takan san mace ta samu ciki kafin mijin ya sani, wani lokaci ma kafin mai cikin. Ta san wadda ke ramewa saboda ba kullum ake ɗora tukunya a gidanta ba, ta san wadda ke da shatin hannu a gadon baya. Ba ta tambaya. Sai ta buɗa nan, ta tsuke can, ta ɗaga wuyan riga ya rufe abin da ake so a rufe. Shi ya sa matan da ba sa yarda ko uwarsu ta ga jikinsu suke tuɓewa a gabanta hankali kwance.

Tana da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, muna ce mata Auta. Sabulu da man shafawa take sayarwa, kuma ita kaɗai ce ke iya sa Yaya ta tofar da allurai don dariya. Wata safiya, shekara shida ke nan, suna bayan labule, ina kan benci da biro.

"Kafaɗa sha biyar," in ji Yaya. "Ƙirji talatin da takwas. Hagu, ƙara yatsa ɗaya."

Na rubuta. Ba wani abin mamaki ba ne, babu macen da ɓangarorinta biyu suka zo daidai. Bayan wata biyar ya zama yatsa biyu. Daga nan sai aka ce a sassauta hammatar hagu. Ina jin Auta tana dariya a ciki, tana cewa, "Yaya, tef ɗin nan naki a firji kike ajiye shi ne? Yi a hankali mana!" A rigar ƙarshe Yaya ta sa shafi biyu na yadi ta ciki a gefen hagu, don kada wani tabo ya fito waje. Da ta gama sai ta ɗaga ta a gaban taga, tana juya ta cikin haske.

"Akawu, duba min nan. Wa zai gane?"

Na ce babu. Gaskiya na faɗa, babu wanda ya gane, har shekara ɗaya da rabi. Ranar da Auta ta faɗi a shagonta aka kai ta asibiti, likitar ta duba ta, ta fito ta tambaye mu abu ɗaya: me ya sa sai yanzu? Ciwon dajin mama ne, kuma ya riga ya bi jiki. Wata huɗu ta ƙara a duniya. Ta bar yara uku.

Yaya ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Bayan sati ɗaya ta buɗe shago, ta cika baki da allurai. Shafin Auta yana nan cikin littafin, da rubutuna a kai. In muna neman awon wata, mukan haɗa shi da na gabansa mu juya tare.

Sai kuma Shugaba. Shekara ashirin da biyu tana shugabar makarantar firamare, har yau kuma in ta yi maka magana sai ka ji kamar ka yi latti. Benci ɗaya suka zauna da Yaya a aji ɗaya. Shugaba ta ci gaba da karatu, Yaya ta tafi koyon ɗinki, amma ba su rabu ba. Ita ce ta yi jinyar Auta tare da mu, ita ta nemo wa yaran makaranta. Takan kira Yaya "ke Tela," Yaya kuma ta ce mata "ranki ya daɗe" da wata murya da ke rage wa kalmar daraja. Duk duniya Shugaba ce kaɗai "gobe da yamma" ɗinta ba ya wuce kwana uku.

Bara ta kawo wani shuɗin yadi mai tsada. 'Yarta guda ɗaya tak za ta gama jami'a, tana son rigar zuwa taron ba da takardu. Suka shiga bayan labule.

"Kafaɗa sha shida. Ƙirji arba'in da biyu. Hagu..."

Biro yana hannuna, ina jira. Ba ta ƙarasa ba.

"Ke Tela, me kike jira?" in ji Shugaba. "Lambobin ne suka ƙare miki?"

"Ɗaga hannu, ranki ya daɗe."

"Na ɗaga iya ɗagawata. Ba faretin sojoji na zo ba."

Da Shugaba ta tafi, Yaya ta zauna a gaban keke, ta riƙa zare allurai daga bakinta ɗaya bayan ɗaya tana soka su a jikin ƙyalle. Ban taɓa ganin bakinta babu allura a lokacin aiki ba. Sai na ga ashe ta tsufa.

"Akawu, akwai shi," ta ce. "Bayan hannuna ya taɓa shi. Kamar dutse, ba ya motsi. Da tef ya bi ta hammata sai da ta ɗauke numfashi."

"To ki faɗa mata mana, Yaya."

"Da wane bakin? Ban taɓa ba. Ke ki faɗa mata, ke da kika yi aikin ofis."

Ni kuwa ko gaisuwa na yi wa Shugaba sai na sake duba ta a raina ko akwai kuskure a ciki. Muka zauna mu biyu, mata masu furfura, muna kallon shuɗin yadi. Abu ɗaya Yaya ta iya yi, ta ƙi yanka shi. Shugaba ta aiko sau biyu, aka ce gobe da yamma.

Ana haka sai ga Mai Kitso, maƙwabciyarmu ta bayan layi, ta shigo tana fifita da wata takarda da aka ba ta a hanya. Na karɓa na karanta. Wasu mata da suka yi ciwon suka tashi, tare da ma'aikatan jinya, sun shirya tattaki ranar Asabar da safe, daga ƙofar filin wasa zuwa harabar asibiti, kilomita biyar. Kowace mai tafiya ta nemi ƙawayenta su taimaka da abin da ya sawwaƙa don maganin marasa hali, ko su zo a taka tare. A ƙarshen tafiyar kuma akwai rumfuna, nas-nas za su duba duk mai so kyauta.

Sau uku Yaya ta sa na maimaita layin ƙarshe. Da Mai Kitso ta fita, Yaya ta jawo kujera kusa da ni.

"Mu sha biyu za mu tafi," ta ce. "Idan mun isa sai duk mu shiga layi kamar wasa. Ita ma za ta shiga. Tun muna aji ɗaya Shugaba ba ta yarda a riga ta shiga layi. Nas ta faɗa mata. Ai aikinta ne, don haka aka koya mata."

Ta sayo yadi ruwan hoda, irin launin da takardar ta ce a sa, ta ɗinka gyale sha biyu da kalmasa mai kyau cikin kwana biyu. Ashe ta iya sauri. Na ji haushi a madadin duk amaren da suka taɓa bi ta shagon nan.

Daga nan muka fara bi gida gida. Ku tuna, wannan mace ce da ƙafarta ba ta san komai ba sai fedar keke, kuma ba ta taɓa roƙon kowa ko ruwan sha ba.

Matar Kafinta muka fara samu, tana shanya. Ta yi murna, ta ɗauka rigarta aka kawo.

"Tattakin me kika ce, Yaya?"

"Na ciwon dajin mama."

"Allah ya raba mu! Haba Yaya, da safen nan?" Ta shiga ɗaki da sauri, ta fito da wani abu a dunƙule, ta cusa a tafin Yaya ta rufe da hannu biyu, kamar tana biyan mu mu kwashe kalmar mu fita da ita daga gidan.

Matar mai bokitai ta ce maigida ba zai bari ba. Maigidan yana tsaye a ƙofa yana sakace, ya ce shi ba wanda ya tambaye shi. Ta ce ai ta san halinsa. Wata ta ce gwiwa, ta ma riƙe gwiwar ta nuna mana, ita ce kuwa gwiwar da ke tashi farko a filin rawa ta zauna ƙarshe. Ɗaya ce kawai ta faɗi gaskiya, ta kuma faɗe ta a hankali, tana duban ƙofa.

"Yaya, idan aka gan ni a ciki za a ce ina da shi. 'Yan mata uku gare ni a gida. Ki karɓi wannan, amma don Allah kada a ambaci sunana."

Kowa ya bayar, ban ce ba su bayar ba. Hannunsu a sake yake, ƙafar ce ta ƙi. Amma da yake Yaya ce, kuma kayan kowa yana hannunta, duk suka ƙare da cewa za su zo in Allah ya kai mu.

Gidan Shugaba muka bari ƙarshe. Ta karɓe mu a falo, a ƙarƙashin hotunan ɗaliban da ta yaye. Ta karanta takardar, ta gyara kuskuren rubutu guda biyu da jan biro.

"Wannan abu ne mai kyau," ta ce. "Matsalar matanmu ita ce ɓoye-ɓoye. Mace ta ji abu a jikinta ta yi shiru har sai ya kashe ta. Jahilci ne." Ta yi mana lacca ta minti goma sha biyar a kan amfanin zuwa asibiti da wuri. Duk tsawon laccar nan hannunta na hagu bai taɓa jikinta ba, yana can gefe a kan matashi. Yaya ba ta kalli komai ba sai shi.

"Za ki zo ke nan, ranki ya daɗe?"

"Ni zan shige gaba. Ke Tela, ina rigata?"

"Gobe da yamma."

Ranar Asabar ƙarfe bakwai muna ƙofar filin wasa. Mutane sun taru, ana ta kiɗa a lasifika, 'yan mata suna ɗaukar hoto. A cikin sha biyun nan namu, mu uku ne: Yaya, ni, da Mai Kitso, wadda ta ji an ce za a raba huluna. Yaya ta tsaya a bakin titi da jakar gyale tara, duk motar da ta rage gudu sai ta miƙa wuya. Saura kaɗan a tashi sai ga 'yar Shugaba ta sauko daga tasi da ambulan a hannu.

"Anti, ina kwana. Umma ta ce a ba ki wannan, wai ku yi haƙuri, ta tashi da ciwon kai."

Yaya ta karɓa, ba ta buɗe ba. Ta kai wa masu shirin, ta haɗa da abin da sauran suka bayar, ta dawo ta gyara gyalenta.

"Mu je, Akawu."

Ba zan ce tafiyar ta yi daɗi ba. Yaya ta sa takalmin zuwa biki, wanda ya shekara takwas a kwali, kafin kilomita ɗaya ya fara cin dunduniyarta. A gabanmu akwai mata da gashinsu ya zube saboda magani, sun ɗaure kai, suna tafiya a hankali, amma mu ke bayansu. Hanyar ta bi ta layinmu. Na ga labulen tagar Matar Kafinta ya motsa. Matar mai bokitai ta ɗaga mana hannu daga ƙofa, irin ɗagawar da ake yi wa masu tafiya ƙasa mai nisa. Mai ciwon gwiwa kuwa a bakin kasuwa muka wuce ta, da buhu a ka. Yaya jakar dai take sauya wa hannu.

Da muka isa asibiti duk muka shiga rumfa. Ni nas ta ce ba ni da komai sai ƙiba, abin da madubin shago bai taɓa faɗa mini ba. Yaya ta fito daga tata, sai ta koma ta tsaya a gaban nas ɗin, wata yarinya da ba ta girmi 'yar Auta ta fari da yawa ba.

"'Yata, in tambaye ki. Idan abin kamar dutse yake, ba ya motsi, kuma har hammata akwai zafi fa?"

"A jikinki, Baba? Ban ji ba."

"A jikin wata."

Nas ta ajiye abin da ke hannunta. "Ki kawo ta Litinin. Kada ki bari ya kai Talata."

Yaya ta fita daga harabar asibiti, ba ta karɓi ruwan da ake rabawa ba, ta miƙi titi. Na bi ta ina kira. Ciwon gwiwata ni na gaskiya ne. Kilomita biyu muka ƙara, ita tana ɗingishi da takalmi a hannu, ni ina haki a baya, har ƙofar gidan Shugaba.

Tana falo, ciwon kan ya warke. Suna shan shayi da 'yarta da wata ƙanwar mijinta, mace mai kunne huɗu. Suka dube mu, gumi sharkaf, Yaya ƙafa ba takalmi.

"Ina son magana da ke," in ji Yaya. "Mu biyu."

Shugaba ta ajiye kofi. Ta kalli Yaya ido cikin ido, a nan na gane ta san abin da ya kawo mu, kuma ta tabbata Yaya ba za ta iya ba.

"Ba ni da sirri da tela. Idan yadina kika ɓata, faɗi a nan."

"Don Allah, ƙawata. Minti ɗaya, a ɗaki."

"A nan."

Yaya ta taɓa leɓenta, kamar mai neman allura. Babu ko ɗaya.

"Ban ɓata yadinki ba. Ban yanka ba, kuma ba zan yanka ba. Akwai abu a mamanki na hagu, kin sani na sani. Na iya ɓoye shi, duk garin nan ba wanda ya fi ni. Zan ƙara yatsa ɗaya, in ƙara biyu, in sa shafi, ki je taro kowa ya ce Shugaba ta yi kyau. Haka na yi wa Auta shekara ɗaya da rabi, ke kika taya ni wanke ta. Ba zan sake ba. Nas ta ce Litinin."

Ƙanwar miji ta tsaya da biskit a rabin hanya. Na yi zaton Shugaba za ta ɗaga murya, sai ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Shekara talatin ina tuɓewa a gabanki saboda na ɗauka ke bango ce."

"Bango ce ni. Shi ya sa ba ni da ƙanwa."

"Wata bakwai na san da shi. Kin ɗauka sai tela ta faɗa mini? Jira nake yarinyar nan ta karɓi takardarta hankali kwance, sannan in ji da kaina. Yanzu kin kyauta."

"Umma, wata bakwai?" in ji 'yar. Ta miƙe, kofin ya kife a kan tebur. "Wata bakwai, Umma, muna gida ɗaya?"

"Fita, Tela," in ji Shugaba. "Ke ma Akawu, bi uwargijiyarki."

Muka fita. A ƙofa Yaya ta zauna a kan dakali ta duba dunduniyarta, duk ta sale. Ta ce da ta sani da ta sa silifas.

Ran Litinin 'yar ta kai uwarta asibiti. An ce sai da ta ɓoye makullin gida ta yi rantsuwa ba za ta je karɓar takardar ba in ba a tafi ba. Halin uwar ta ɗauko, shi ya sa ta yi nasara. An yi aiki, an cire ɓangaren hagu, aka shiga watannin magani. Ranar taron jami'a Shugaba tana kwance a gadon asibiti, a waya ta kalli hotuna. Likita ya ce sun zo a makare, amma ba irin makarar da ba ta da magani ba.

Ƙanwar miji kuwa ta fita da labarin tun kafin shayin ya huce, sai dai ta rage masa tsawo. Abin da ya isa gari shi ne, Tela ta tona asirin Shugaba a gaban baƙi. Matar Kafinta ce ta fara aikowa a ba ta yadinta ko ba a ɗinka ba. Sai mai gwiwa, wadda ta tako da ƙafarta. Wasu suka ce a yage musu shafinsu daga littafin awo, a gabansu. Ni na yage da hannuna. Matan da suka cusa mata taimako a tafin hannu su ne suka fara ɗauke ƙafa, kuma ban ga laifinsu duka ba: kowace tana da abin da koren labulen nan ya gani.

Yanzu littafin ya rame. Yaya tana gama ɗinki a kan lokaci, don babu abin da zai hana ta. Akwai 'yan sababbi, daga cikin matan da muka bi bayansu ranar tattaki. Su aljihu suke so a yi musu a cikin riga, wurin da aka cire, a cusa auduga. Ba su da yawa, kuma wani lokaci ɗaya takan daina zuwa ba tare da ta canza tela ba.

Tattakin bana saura sati uku. Yaya ta fito da gyale taran nan ta wanke ta goge. Ta ce ba za ta sake bin gida gida ba. Ta rataye su a ƙofar shago, duk mai so ta ɗauka. Kwana goma ke nan, tara ne cif.

Shugaba ba ta sake yi mata magana ba. Ta koma wurin wata sabuwar tela mai keken lantarki da kujerun jira. Watan jiya ta wuce ta gaban shagonmu, karo na farko tun da ta tashi, kai a sama kamar kullum. Rigar sabuwa ce, amma gefen hagu ya lotsa, wuyan ya karkace yana bin sa.

"Wannan ba ɗinki ba ne," in ji Yaya ta cikin allurai. "Zalunci ne. Akawu, buɗe min shafinta. Ba na bara ba, na shekara uku baya."

Shafin yana nan, Shugaba ba ta aiko a yage ba. Yaya ta kwana biyu a kan abin da bai fi tafin hannu ba. Ta yi shi da yadi mai laushi, ta cusa auduga, ta sa 'yan duwatsun ado a tsakiya don ya yi nauyi ya zauna, ta farke ta sake har sau uku. Sannan ta kira 'yar Shugaba ta ba ta a leda.

"Ki ce a kanti kika saya."

"Anti, Umma fa ta san ɗinkinki ko a duhu."

"Ke dai ki ce a kanti."

Shekaranjiya da hantsi muna zaune, babu aiki, sai ga ta tafe ta ɗaya gefen titi. Ƙirji daidai, wuyan riga a tsakiya. Ta zo saitin shagon, ta wuce gyale taran, ba ta juyo ba, ba ta rage tafiya ba. Yaya ta bi ta da ido har ta sha kwana wajen mai gyaran waya.

"Ya zauna, Akawu?"

"Ya zauna."

"Kamar ta ɗan yi ƙiba ko?"

"Ta yi. Kumatu sun dawo."

"To," in ji Yaya. Ta ɗauki allura ta sa a baki, ta jawo keke, ko da yake babu komai a ƙarƙashin allurarsa.